Baitocin Modibbo a Hannun Kamfani

Kwana shida ke nan rabon Haisam da ƙofar gidan Malam Yahuza, kuma a kwanakin nan babu wanda ya ga 'yarsa Mashkura ta cinye abincin da aka zuba mata. Kuka kam ta yi shi a kwana biyun farko har ya ishe ta. Yanzu gajiya ce kawai ta rage, irin wadda mutum ke kwana da ita ya tashi da ita.

Tana zaune a inuwar ɗakin girki tana tsintar shinkafa. Zafin bazara ya sauko wa Dutse tun hantsi, duwatsun bayan unguwa sai huci suke yi. Iya, mahaifiyarta, ta zo wucewa da buta ta tsaya a kanta.

"Tsakuwar za mu ci yau, ko shinkafar?"

Mashkura ta duba, ashe shinkafar take warewa gefe tana barin tsakuwar a faranti. Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba, ta sake farawa.

Wanda bai san zancen ba zai ɗauka wani gagarumin abu ne ya shiga tsakani. To, waƙa ce.

Kakanta Modibbo ya je Makka a ƙasa, ya yi shekara bakwai bai ga gida ba. A hanyar dawowa ya tsara baitoci arba'in na begen gida da roƙon Allah. Da aka ce ya sa sunansa a baitin ƙarshe kamar yadda malamai ke yi, ya ƙi, ya ce abin da aka yi don Allah ba a liƙa masa suna. Takardar da ya rubuta gara ta cinye tun kafin a haifi Mashkura, waƙar ta zauna a baki kawai. Ɗaliban makarantar gidan suna buɗe kowane karatu da baitoci ukun farko. Sauran talatin da bakwai ɗin kuwa na cikin gida ne, ba a rera su sai wani zai yi tafiya mai nisa ko ya dawo.

Shekara biyu da suka wuce Haisam, wani matashin mawaƙi ɗan Jahun, ya rera waƙar da fiyano, kamfanin Amon Zinariya da ke Kano ya fitar da ita, ta shiga wayar kowa. Da labari ya iso wa Malam Yahuza bai ɗaga hankalinsa ba. Ya ce ai sadaka ce, duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar makarantar ya san bakinta. Shi dai bai saurara ba, don ba ya jin abin da aka sa wa kiɗa. Har daga baya da Haisam ya fito neman auren Mashkura, Malam ya ja tsawon wata biyu yana bincike, sannan ya ce magabatansa su zo bayan Babbar Sallah.

Sai ga wannan masifa. Mika'ilu, ɗan ƙanwar Malam kuma babban ɗalibinsa, shi ya buɗe wa makarantar shafi a dandalin bidiyo bara, ya ɗora karatun Malam har kusan ɗari uku. Kowane karatu kuwa da baitocin nan uku yake farawa. Makon jiya aka wayi gari an kulle shafin, wai karin waƙar mallakar kamfani ne. Da aka bi diddigi sai ga takarda da sa hannun Haisam, cewa shi ya rubuta baitocin, shi ya yi musu kari.

Mika'ilu bai tsaya nan ba. Ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya saurari waƙar daga farko har ƙarshe yana ƙirgawa da carbi. Baitoci arba'in cif.

Malam ya kira Haisam ya yi masa tambaya biyu. Ta farko, kai ka sa hannun nan? Ya ce shi ne. Ta biyu, wa ya ba ka baitocin cikin gidana? Haisam ya sunkuyar da kai ya yi gum. Malam ya ce to ya tashi, kada ya sake taka ƙofar nan har sai ya zo da amsa.

Iya ta ajiye butar ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Ni na haife ki, Mashkura," ta ce a hankali. "Ban tambaye ki komai ba, kuma kada ki faɗa min komai. In na sani, dole in faɗa masa, don ban taɓa ɓoye wa mahaifinki abu ba. Amma ki sani mutumin nan kwana shida ba ya runtsawa. Ba shafin ne ya fi cinsa ba. Gani yake akwai wanda ke cin tuwo a gidan nan ya ɗauki abin Modibbo ya miƙa waje."

"Iya..."

"A'a, na ce kada ki faɗa. Tashi ki shirya, matan Islamiyya na jiranki."

Ta tashi ta sa hijabi. A zaure ta ci karo da Mika'ilu, yana zaune da waya a hannu da wasu takardu a cinya. Tun tana aji uku a sakandare yake sonta, kowa a dangi ya sani, kuma tun lokacin take kiransa Yaya da ƙarfi don ya ji. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Amma a kwanakin nan fuskarsa ta yi wani haske da bai dace da mai jimami ba.

"Yaya Mika'ilu, ina wuni. Akwai wani labari?"

"Babu mai daɗi, ƙanwata. Ranar Alhamis wa'adin zai cika. In ba mu kai hujja ba za su goge shafin gaba ɗaya."

"Ai kana da karatun a wayarka."

Ya ɗan kau da kai. "Wayar ta cika, ina ɗorawa ina gogewa. Wa ya zaci haka?"

"To tsofaffin ɗaliban Baba fa? Akwai masu furfura da suka rera ta tun suna yara."

"Lauyan da muka ɗauka ya ce wannan sai a kotu, kuma sai a yi shekaru ana yi. Su masu dandalin ba sa jin shaidar baki. Abu suke so mai kwanan wata a jikinsa, wanda ya riga takardar kamfani." Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Mashkura, ni ba na murna da abin da ya faru. Amma mutumin da zai sa hannu a kan abin mamaci ya ce nasa ne, me zai hana gobe ya... Ni dai kin san ina nan inda kika bar ni."

"Na sani, Yaya. Sai na dawo."

Ta fita, abin da suke nema kuwa yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗarta.

Ba ta je Islamiyyar kai tsaye ba. Ta sauka daga adaidaita a bakin wani lambun dabino da ke hanyar makarantar, inda ta yi wa Haisam saƙo ya jira ta. Yana zaune a kan babur ɗinsa, ya rame, gemu ya fito masa ba gyara. Mutumin da 'yan mata ke rububin ɗaukar hoto da shi a wurin biki, yau ko hula bai tsaya ya daidaita ba.

Suka gaisa kamar baƙi. Ta tsaya nesa kaɗan, ta jingina da kututturen dabino.

"Na je Kano sau uku," ya ce. "Na roƙi mai kamfanin har na durƙusa. Ya ce shi ba shi da matsala da Malam, amma ya riga ya haɗa waƙoƙinsa duka ya damƙa wa wani kamfanin waje, yanzu ko shi ba shi da iko. Na ce to ni na janye sa hannuna. Ya yi dariya ya ce ba a janyewa."

"Me ya sa ka sa hannun, Haisam? Kwana shida ina tambayar kaina."

"Takardar ta ce in ba ni na rubuta ba, in faɗi wanda ya ba ni, in kawo sa hannunsa. A lokacin ko gaisuwa ban taɓa zuwa gidanku ba. In rubuta 'yar Malam Yahuza ce ta rera min a waya?" Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Wannan rabin gaskiyar ne. Ɗaya rabin kuma, na so a san ni. Shekara biyar ina yawo sutudiyo-sutudiyo ba wanda ya kalle ni. Ranar da suka ji wannan, har kujera aka ba ni. Na ce a raina ai ba ta da mai ita, wa zai cutu?"

Hawayen da take zaton sun ƙare suka gangaro. Da ya tsaya a rabin farko da ta ji haushinsa. Rabi na biyun ne ya karya mata zuciya, don ta san ba kowane namiji ne zai faɗa ba.

"Ni ma ai ban tambayi kowa ba," ta ce. "Za ka tafi Legas neman aiki, na ga mu a gidanmu haka ake yi wa mai tafiya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na rera maka. Ban san hauka nake yi ba."

"Ba hauka ba ne. Ita ta dawo da ni."

"Saƙon yana nan a wayata. Da kwanan watan da komai, wata huɗu kafin takardarka. Har na faɗa a farkonsa cewa waƙar kakana ce. In aka tura musu shi za su buɗe shafin."

Ya sauko daga babur ɗin da sauri. "A'a. Kin san inda zai bi? Lauya zai ji, kamfani zai ji, ma'aikatansu za su ji. Kwana ɗaya ya isa wani ya sake shi. Gobe 'yan acaɓa na sauraron muryar 'yar Malam tana rera wa saurayi waƙa. Gara a ci gaba da kirana ɓarawo."

"Har yaushe?"

Ya koma ya dafa babur ɗin.

"Har yaushe, Haisam? In ka yi shiru ba za a ba ka ni ba. In ka yi magana ka tona ni. Ka zaɓi shirun, na gode, Allah ya saka. Amma ni ce nake kallon Baba kullum yana bin mutanen gidansa da ido ɗaya bayan ɗaya. Jiya har Iya ya tsaya yana kallo. Na gaji. Wallahi ko tsoron ma na gaji da ji."

"In kika faɗa zai iya cewa ya fasa gaba ɗaya."

"Yanzu ma ai a fashe yake." Ta share fuskarta da gefen hijabi. "Gobe bayan la'asar ka zo. Ka ce ka kawo amsa."

"Mashkura, don Allah."

"Ka zo kawai."

Ta tari wani adaidaitan ta shiga ba ta waiwaya ba. A aji ranar ta karanta wa matan hadisi ɗaya sau uku ba ta lura ba, su ma suka ƙyale ta.

Washegari Laraba, bayan la'asar, ɗalibai suka watse. Malam Yahuza na zaune a kan buzunsa a zaure, Mika'ilu na gefensa. Haisam ya yi sallama ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, an ce in zo da amsa."

"Ina jinka."

Kafin ya buɗe baki labulen cikin gida ya motsa. Mashkura ta shigo ta zube a gaban mahaifinta, ta ajiye wayarta a bakin buzun.

"Baba, amsar tana wurina."

Malam ya dube ta, ya dubi wayar. "Mamana, me ya fito da ke cikin maza?"

Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiranta da wani abu ba sai haka. Jin sunan ya kusa hana ta magana, amma ta daure.

"Ni na ba shi. Shekara biyu da rabi ke nan. Zai yi tafiya, na rera masa a saƙon murya, duka arba'in ɗin. Bai roƙe ni ba, bai ma san akwai su ba. Shirun da ya yi maka don ni ya yi. Baba, ka yafe min. Saƙon yana da kwanan wata, in aka tura musu yau za su dawo da karatunka."

Hasken nan na fuskar Mika'ilu ya dushe a take.

"Kunna," Malam ya ce.

Ta danna. Muryarta ta fito siririya, da 'yar kunya: wannan waƙar kakana ce Modibbo, a gidanmu ita ake yi wa mai tafiya. Sannan ta ja karin.

*Allah ka kai ni gida da sauran numfashi,*
*In ga duwatsun garinmu rana na faɗuwa.*

Ta yi zaton zai ce a kashe tun a baiti na biyu. Bai ce ba. Ya runtse ido, carbin da ke hannunsa ya tsaya. Minti goma sha ɗaya saƙon yake, kuma minti goma sha ɗayan nan ba wanda ya motsa. Ita dai kanta na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tabarma, tana jin yarinyar da take shekara biyu da rabi baya tana rera abinta hankali kwance.

Da ya ƙare Mika'ilu ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, gaskiya wannan ya wadatar. In na tura wa lauya yanzu, kafin gobe da azahar..."

"Mutum nawa za su ji shi?"

"To, lauyan, sai masu dandalin, sai kuma dole a ba kamfanin su ma su saurara."

"Za ka iya rantse min ba zai fita daga hannunsu ba?"

Mika'ilu ya dubi wayar. Duk son da yake yi wa shafin nan, bai iya ƙarya a gaban malaminsa ba. "Ba zan iya ba."

Malam ya jinjina kai. Sannan ya dubi Haisam.

"Akwai shi a taka wayar?"

"Akwai, Malam."

"Wa ka taɓa kunna wa?"

"Ko mahaifiyata ba ta taɓa ji ba."

"Kawo ta nan. Ku goge, kai da ita, ina kallo."

Mashkura ta ɗago a firgice. "Baba, karatunka ne. Kusan ɗari uku, babu su a ko'ina. Ni na jawo, ka bari in ɗauka. Duk abin da za a faɗa a kaina a faɗa."

"Karatu a bakina yake, in da sauran kwana zan sake. In babu, an riga an ji." Muryarsa ba faɗa a cikinta, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. "Ku goge."

"To waƙar Modibbo fa? Shi ke nan ta zama tasu?"

"Shi bai sa mata suna ba. Su riƙe takardar."

Haisam ya matso da gwiwoyinsa ya ajiye wayarsa kusa da tata. Ya danna, ya goge. Ita sai da ta yi ƙoƙari sau biyu, don hawaye sun hana ta ganin rubutun. Mika'ilu ya kawar da kai yana kallon bango, aikinsa na shekara guda ya tafi a gaban idonsa.

"Kai kuma," Malam ya ce wa Haisam, "ka yi ƙarya a kan mahaifina, wannan tsakaninka da Allah ne, ka je ka nemi gafara. Ban ce na ji daɗinka ba, kuma ban san ranar da zan ji ba. Amma kwana bakwai ana kiranka ɓarawo a garin nan, abin da zai wanke ka yana aljihunka, ba ka fito da shi ba. Ka ce wa magabatanka maganar bayan Sallah tana nan."

Haisam ya kifa goshinsa a tabarma, kafaɗunsa na girgiza. Mashkura kuwa ta rasa abin da take ji. Abin da ta kwana bakwai tana roƙon Allah a kai ga shi an miƙo mata, amma ko kaɗan ba ta ji daɗin da ta zata ba. Ta nemi fushi a fuskar mahaifinta don ta samu abin riƙewa, ba ta ga komai ba sai tsufa, wanda ba ta taɓa lura da shi ba sai yau.

Malam ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki butarsa don alwalar magariba. Da ya zo daidai inda take durƙushe ya tsaya, bai dube ta ba.

"A baiti na talatin akwai inda mahaifina yake jan numfashi kafin ya sauke," ya ce. "Shekara ashirin ina nema ban iya ba. Ke kin yi shi daidai. Tun da aka binne shi ban sake ji ba sai yau."

Ya sa takalminsa ya fita. Ta bi wayar da ke kan tabarma da kallo, babu komai a inda saƙon yake.